Katin Tsuntsaye: Aikin Hannun Da Ba A Sayarwa, Sai Dai Musaya

Uwargida, ɗauko katinki na cirar kuɗi ki ɗora a tafin hannu. Ƙara masa kamar santimita ɗaya a faɗi, da ɗan abin da bai kai rabin haka ba a tsawo. Iyakar filin da za mu yi magana a kansa yau ke nan. A cikin wannan ɗan fili ne mutane a ƙasashe da dama suke zana tsuntsu, ko su yanko shi daga ƙyalle su manna, ko su ɗinka shi da zare, su sa hannu a baya, su miƙa wa wani, shi ma ya miƙo musu nasa. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce "nawa ne?" ya fita daga wasan.

Na san abin da zai fara zuwa ranki. Mace mai yara, ga girki ga wanki, ga ɗan kasuwancin da ake taɓawa ta waya, ina ta ga lokacin zanen tsuntsu? Kuma abin da ba zai kawo kuɗin cefane ba, ina amfaninsa? Tambayoyin duk suna kan hanya. Ki ɗan yi haƙuri ki ji yadda abin yake tukuna.

Daga Zurik ya taso

A shekarar 1997 wani mai zane ɗan ƙasar Siwizalan, M. Vänçi Stirnemann, ya baje wasu ƙananan katuna 1,200 da ya yi da hannunsa a shagonsa da ke birnin Zurik. An yi makonni ana zuwa kallo, daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Sai ya ce duk mai son ɗaya daga cikinsu, ya je ya yi nasa ya kawo a yi musaya. Girman da ya zaɓa na katunan 'yan wasa ne, irin waɗanda yara da manya suke tarawa a Kanada da Amurka suna musaya a tsakaninsu: inci 2.5 a faɗi, inci 3.5 a tsawo, wato santimita 6.4 da 8.9.

Wani mai zane daga birnin Kalgari na Kanada, Don Mabie, ya ga abin ya burge shi, kafin shekarar ta fita ya buɗe irin wannan zaman musaya a garinsu. Daga nan gidan waya da intanet suka ɗauki abin suka yaɗa. A Turance ana taƙaita sunan da ATC, ma'ana katin musaya na masu zane. Idan kika rubuta artist trading cards a Pinterest ko Instagram za ki sha kallo, sai dai ki kula da datarki.

Dokokin ba su da yawa. Girman ba ya canzawa. Ana musaya, ba a sayarwa. Mai katin yana rubuta sunansa da kwanan wata a baya. Abin da ya rage, wato da me za ki yi, me za ki zana, a tsaye ko a kwance, duk naki ne. Masu son sayarwa ma sun samu tasu hanyar: wajen 2004 aka fara sayar da katuna masu wannan girma a eBay, amma sai da aka canza musu suna zuwa ACEO, don kada a gauraya su da na musaya. Wannan kaɗai ya ishe ki gane yadda masu abin suka riƙe dokar rashin ciniki da muhimmanci.

Ƙanƙantarsa ita ce ta dace da ke

Duk aikin hannun da muka sani yana son zama. Hula tana cin makonni. Saƙar rigar jariri, idan kika ajiye kwana uku, sai kin nemi inda kika tsaya. Wannan kuwa ana iya gama shi tsakanin ɗora sanwa da tafasar ruwa, ko a raba shi uku: yau ki yanka kwali ki shafa masa launin ƙasa, gobe ki sa tsuntsun, jibi ki ƙarasa ido da ƙafa. Kayan aikin duka suna shiga tsohon gwangwanin biskit, ki rufe ki ɗora saman kwaba inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan kuma kati ya lalace, asarar ba ta wuce ɗan kwali da minti ashirin ba, don haka hannu yakan saki jiki ya gwada abin da ba zai taɓa gwadawa a kan shadda mai tsada ba.

Maganar kuɗi kuwa, ni a ganina rashin cinikin shi ne daɗin abin. Ki duba duk abin da hannunki ya iya. Kin iya cincin, an ce ki riƙa sayarwa. Kin iya ƙunshi, an ce ki buɗe shago. Ba laifi ba ne, rufin asiri ne, amma daga ranar da abu ya zama na sayarwa, mai saye ke da iko da shi: launin da take so, ranar da take so, farashin da za ta taya. Katin nan ba wanda zai taya shi. Idan kika ga dama ki yi zabuwa ruwan hoda, ba mai cewa a rage.

Kuma ya sha bamban da bikin da muka saba. Ƙawarki ta kawo miki gudunmawa ranar suna, kin san ranar nata ba za ki mayar da shi cif ba, sai kin ɗora wani abu a kai, ita ma ta riƙe lissafi. A musayar kati ɗaya ake bayarwa a karɓi ɗaya, an gama, babu bashi a wuyan kowa. Matar mai kuɗi da matar mai ƙaramin ƙarfi fili ɗaya aka yanka musu, santimita 6.4 da 8.9.

Wane tsuntsu?

Masu shirya musaya sukan sa jigo, kamar furanni ko ƙofofi ko wani launi guda, kuma tsuntsaye suna cikin jigogin da ake yawan komawa gare su. Dalili a fili yake. Tsuntsu yana cika ɗan kati daidai, ga launi, ga shi ko wadda ba ta taɓa riƙe burushi ba za ta iya fitar da siffarsa: jiki kamar ƙwai a kishingiɗe, kai ɗan da'ira, sai baki da wutsiya da ƙafa.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce mafi girma a duk rubutun nan. Kada ki kwaikwayi tsuntsayen da za ki gani a katunan Turawa. Nasu suke zanawa, waɗanda ke sauka a tagoginsu, kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi. Nijeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma wasu daga cikin mafi kyawunsu suna tsakar gidanki ko bishiyar bayan gida. Matsalar ita ce mun saba da su har mun daina ganinsu. Gwada wannan: ba tare da kin leƙa waje ba, wane launi ne ke kewaye da idon hasbiya? Ja ne, fata ce ja mara gashi, ga fararen ɗigo-ɗigo a fukafukanta. Shekara nawa tana sauka a kan katangarki?

Zabuwa ce ta fi dacewa da mai farawa. An ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma zanen nan shi ne rabin aikin. Ki yi jikin da baƙi-baƙi ko ruwan toka mai duhu, ki bari ya bushe sarai, sannan ki tsoma kan tsinken sakace a farin fenti ki yi ta ɗigawa, ƙanana a wuya, manya-manya a baya. Kan ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da jikin, ba gashi, fari-fari da shuɗi, da ɗan ƙaho a sama da jan nama a gefen baki. Yawanci a nan ake kuskure, a yi mata kai irin na kaza.

Balbela tana da tarko. Fara ce, idan kika sa ta a farar takarda ta ɓace. Ki ba ta bango mai duhu, koren ciyawa ko ruwan ƙasa, ko ki yanko ta daga farar takarda ki manna a kan shuɗin ƙyalle. Bakinta rawaya ne. Idan kina da ƙarfin hali, ki sa ƙafar saniya kawai a gefen katin, kowa zai gane sauran. Hankaka ma sauƙi gare shi, launi biyu ne kacal, baƙi da farin ƙirji da ya zagayo wuya kamar ya sa 'yar shara.

Akwai kuma waɗanda labarinsu ya fi zanensu daɗi, irin waɗanda za ki so ki rubuta layi ɗaya a kansu a bayan kati. Marai, ɗan rawayan nan mai baƙin kai da ke cika bishiya da surutu, namijin ne ke saƙa sheƙa, macen ta zo ta duba. Idan ba ta yi mata ba ta yi tafiyarta, shi kuma ya warware ya sake sabuwa. Ki yi sheƙar da zare ruwan ciyawa, ki bar ta tana reto daga reshe. Cilakowa kuwa, idan za ta yi ƙwai sai ta shige kogon bishiya a toshe ƙofar, a bar 'yar tsaga, namijin ya yi ta kawo abinci yana miƙawa ta nan har ƙwai ya ƙyanƙyashe. Wannan zaman jego ne sosai, sai dai babu ruwan zafi. Katin da ke nuna kututturen bishiya da ɗan baki yana leƙowa ta tsaga ya wadatar.

Shamuwa baƙa ce mai farin ciki. Tana iso mana gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, idan rani ya kama ta nufi kudancin Afirka, shi ya sa manoma ke murnar ganinta. Alhudahuda yana da tukku ruwan goro mai baƙin baki-baki, fukafukansa ratsin fari da baƙi, kamar an yi shi don a yanko shi daga atamfa. Sai gauraka, mai tukkun zinariya da fari da ja-ja a kumatu. Ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar, saboda kama ta da ake yi ana sayarwa da kuma lalacewar fadamun da take rayuwa a ciki. Yara da yawa yau ba su taɓa ganin ta a daji ba. Idan 'yarki ta tambaye ki wace ce wannan da kike wa tukku da zaren zinariya, kin samu abin ba ta labari.

In kina kusa da fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka lokacin sanyi, ke kam sai dai ki zaɓa ki darje.

Wasu daga cikinmu ba sa zana abu mai rai, kuma wannan ba ya hana su shiga. Gashin zabuwa guda ɗaya da aka zana da kyau kati ne cikakke. Haka sheƙar marai, ko ƙwai uku a cikin ciyawa, ko sawun tattabara a kan rairayi, ko tsarin launin fiffiken alhudahuda shi kaɗai. Idan ke ce mai shirya musayar, ki faɗi haka tun farko don kowa ta sake.

Kayan aiki suna cikin gidanki

Ƙashin bayan kati shi ne kwali mai ɗan tauri. Kwalin ganyen shayi, na sabulu, na magani, duk suna yi, in dai ba su jiƙe da mai ba. Ki auna da rula ki yanka guda ɗaya daidai, ki ajiye shi ya zama ma'auni, sauran duk a kansa za ki riƙa zanawa kina yankawa. Takarda mai girman A4 tana ba da kati tara, uku a jere sau uku. Ki daure ki auna da kyau, domin masu tara katunan nan suna zura su ne a wata leda mai aljihu tara da aka yi wa katunan 'yan wasa, kati in ya ɗara ko da kaɗan ba zai shiga ba. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a son ya yi kauri da yawa. Maɓalli ƙarami ko ɗan dutsen ado ba laifi, amma kada ki ɗora abin da zai tsaya kamar tulu.

Fuskar kwalin mai sheƙi ba ta kama fenti, don haka ki rufe ta da farar takarda ko ƙyalle, ko ki juya ki yi aiki a bayan. Farin gam na kafinta ya fi komai riƙo, amma kaɗan ake shafawa, da ɗan yatsa ko guntun kwali, har bakin gefe. Gam ɗin da ake damawa da sitaci ko fulawa yana kamawa, sai dai kyankyaso na son sa, wata rana za ki buɗe gwangwani ki tarar an cinye miki gauraka. Bayan mannawa ki sa katin tsakanin takardu biyu, ki danne da littafi mai nauyi ya kwana. Lokacin hunturu wannan dole ne, domin iskar tana busar da fuska ɗaya da sauri kwalin ya lanƙwashe. Da damina kuma ki ba shi lokaci ya bushe sosai kafin ki sa a leda, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Ƙyallayen da tela ke sharewa dukiya ce a nan. Ki ce ya tara miki. Ɗan yankin atamfa mai ganye-ganye fiffike ne, guntun leshi farar balbela ce, shadda mai sheƙi wuyan tattabara ne, rinin shuni kuwa sararin sama ne da ba sai kin shafa komai ba. Ƙyalle yana zarewa a baki, don haka ki shafa masa gam a baya ya bushe kafin ki yanka siffar. In kin iya ɗinkin hula, allurarki za ta yi miki ƙafa da baki da tukku fiye da kowane biro. Ki fara huda ramukan da allura a kan kwalin kafin ki bi da zare, sannan ki rufe bayan da wata takardar. In kuma hannunki na zanen lalle ne, to kin riga kin iya gashin tsuntsu ba ki sani ba, layukan nan masu lanƙwasa da ɗigo su ne dai.

Launin ruwa na 'yan makaranta ya isa. Akwai na kicin ma: ruwan shayi mai kauri yana ba takarda launin tsufa, kurkum yana ba da rawaya, zoɓo yana ba da ja. Sai dai ki sani jan zoɓo yakan juya zuwa shuɗi-shuɗi ko ruwan toka idan ya bushe a takarda, kuma shi da kurkum duk suna koɗewa a rana. Ki yi bango da su, amma tsuntsun kansa ki ba shi launin da zai daɗe.

Ido ake yi a ƙarshe. Baƙin ɗigo, sannan ɗan mitsitsin fari a gefensa na sama. Kafin farin nan tsuntsun kamar na roba yake, yana sauka kuwa sai ki ga ya kalle ki.

Gashin tsuntsu na gaske fa?

Zai ba ki sha'awa, amma a yi hattara. Gashin kaza ko zabuwar da aka yanka a gida ba laifi idan musayar ta cikin gari ce. Ki wanke da ruwan sabulu, ki shanya ya bushe ƙarau. Na tsuntsun da kika tsinta a mace kuwa kada ki taɓa, kada yara su taɓa, saboda murar tsuntsaye. Kada kuma ki sayi gashin tsuntsun daji don ado, domin sayen ne ke sa a kamo wani. Aku mai jar wutsiya, misali, an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo shi tun farkon 2017, saboda yadda kamu ya rage shi.

Idan katin zai ƙetare ƙasa, ki bar gashi gaba ɗaya. Ostareliya da Niyu Zilan suna da tsauri ƙwarai kan shigo da duk abin da ya fito daga jikin dabba ko tsiro, a Amurka kuma akwai dokar da ta samo asali tun 1918 wadda ta hana mallakar gashin yawancin tsuntsayen dajinsu. Ba kya so katinki ya maƙale a hannun jami'an kwastan, ko ya jawo wa wadda kika aika wa tambayoyi. Gashin da aka yanka daga takarda aka tsattsaga bakinsa da almakashi yana yin kyau, kuma ba mai tare shi.

Bayan katin

Nan ne shaidarki. Ki rubuta sunan katin ko sunan tsuntsun, sunanki ko laƙabin da kike so a san ki da shi, gari, da kwanan wata. Idan kin yi iri ɗaya guda uku, ki sa 1/3, 2/3, 3/3. Ki rubuta sunan tsuntsun da Hausa ko da wadda za ta karɓa ba ta jin Hausa. Wata a Kanada da ta karɓi kati an rubuta "cilakowa" ta samu abin da ba ta da shi.

Abin da ba za ki rubuta ba shi ne adireshin gidanki da lambar wayarki, in dai ba kin san hannun da katin zai faɗa ba. Kati yana yawo, wadda kika ba tana iya musayarsa da wata. Haka kuma kada ki sa cikakken sunan yaro ko makarantarsa a katin da ya yi.

Amana ce ke riƙe da shi

Yadda aka faro shi a Zurik, ido da ido ake yi, kuma har yanzu shi ya fi daɗi. Mata biyar ko shida, kowa ta zo da katunanta ta baje a tabarma, a zagaya ana kallo, wadda kika ga nata ya yi miki ki ce mu yi musaya. Ana iya haɗa shi da zaman da kuka riga kuka saba, bayan taron ƙungiya ko ranar ziyarar gida. Ladabinsa ɗaya ne: idan mai koyo ta nemi musaya da ke, ki karɓa. Kin fi ta iyawa yau, amma wulaƙancin da za ta ji idan kika ƙi zai sa ba za ta sake dawowa ba.

Idan kuna nesa da juna, sai a yi irin na adashe, a samu uwa. Ita za ta faɗi jigo, ta faɗi adadi, ta sa ranar rufewa. A ce ku shida ne, kowa ta aiko uku, sun zama 18. Uwar musaya za ta jera su kashi shida yadda suka zo. Daga kowane kashi ta ɗauki na farko ta matsar da shi gida ɗaya gaba, na biyu gida biyu, na uku gida uku, na ƙarshen layi ya zagayo farko. Da haka kowa za ta samu uku daga hannu uku daban, ba wadda nata zai dawo mata. Wajen aikawa, a sa kati a 'yar leda, a tallafe shi da kwali gaba da baya, a zura a ambulan. Tunda kuɗin aike ya fi kuɗin katin nesa ba kusa ba, matan gari ɗaya su haɗa nasu a ambulan guda.

Abin da ke kashe adashe shi ke kashe wannan: wadda za ta kwasa ba ta zuba ba. A ƙungiyoyin musaya na ƙasashen waje matsalar sananniya ce, har wasu shafukan suna ba kowane mutum maki bisa cika alkawarinsa, kuma akwai masu sa kai da ke aika kati ga wanda aka yi wa ƙememe, suna kiransu mala'iku. Ke ba sai kin kai can ba. Dokar uwar musaya ɗaya ce: ba a raba wa wadda nata bai iso ba, ko da 'yar'uwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya iso ta ɗauki hotonsa a rufe, ko na ambulan ɗin kawai, ta sa a zaurenku na WhatsApp a san ya zo. Wadda haihuwa ko rashin lafiya ko tafiya ta riske ta, ta faɗa da wuri a cire sunanta, babu kunya a ciki. Shirun ne ke ɓata zumunci.

Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan wuyar magani. Kin yi dare uku kina ɗiga wa zabuwa zane, aka ba ki katin da aka manna hoton jarida aka rubuta suna, aikin minti biyu. Zai yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Ba a auna gwaninta a wannan harka, amma ƙoƙari ba ya ɓoyuwa. Maganinsa a faɗi ƙa'ida tun kafin a fara: a rufe bango kada a bar kwali tsirara, gefe ya fita tsaf, a cike baya, kuma ya zama akwai abin da hannu ya yi ban da mannawa. Kallon hoton tsuntsu don ki gane siffarsa daidai ne. Kwafe zanen wata ki sa sunanki kuwa ba a yi.

Yara za su so su shiga, kuma ya kamata a bar su. Ki yanka musu kwalin da kanki, reza ta zauna a wurinki, ƙananan duwatsun ado su yi nesa da mai rarrafe. Amma a yi musu nasu zagayen daban, yaro da yaro, kada ki tura katin ɗan shekara biyar a madadin naki ba tare da an san da haka ba. Akwai ma wani salo da zai dace da ke da 'yarki: ke ki yi bango, ita ta sa tsuntsu, ƙawarki ta ƙara reshe da ganye, ku uku ku sa hannu a baya.

Waɗanda kika karɓa, in ba ki samu leda mai aljihu tara ba, tsohon albam na hotuna yana yi, ko ki jera su a tsaye cikin kwalin takalmi da farar takarda tsakanin kowane biyu don kada fenti ya manne. Ki nisanta su da rana da danshi. Zagayen farko kada ku wuce mutum shida da kati uku-uku, ku ba juna mako uku, ku fara da zabuwa.